Me Ya Sa Gumakan Indiya Ke Da Hannuwa Da Yawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na tashi ina kallon fina-finan Indiya, kuma a wuraren bautarsu nakan ga gumaka masu hannu huɗu, wasu takwas, wasu har goma. Akwai wani da yake rawa a cikin zoben wuta da ƙafa ɗaya a sama. Shin sun yarda cewa haka surar abin bautarsu take, ko akwai wata ma'ana?

Amsa: Madalla da wannan tambaya. Abu na farko, mai sassaƙa a addinin Hindu ba hoton fasfo yake ɗauka ba. Rubutu yake yi da jiki. Kowane hannu jimla ce: abin da ya riƙe da yadda ya lanƙwasa yatsu suna faɗin wani aiki ko wata siffa. Idan abin da ake son faɗa ya fi ƙarfin hannu biyu, sai a ƙara hannu. Shi ya sa za ka ga Rama da Krishna, waɗanda a wurin mabiya Hindu sun zo duniya ne a surar mutum, galibi hannu biyu ake yi musu. Shi kuwa Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, huɗu ake ba shi, riƙe da ƙahon katantanwa, faifan yaƙi, kulki da furen bado. Durga takan zo da takwas ko goma, domin a labarinsu kowane abin bauta ya ba ta makaminsa don ta kashe aljanin nan mai siffar ɓauna, Mahishasura.

Mai rawan da ka gani shi ne Shiva a siffar da suke kira Nataraja, wato sarkin rawa. A ganina babu inda aka fi gane wannan rubutu kamar a jikinsa, don haka mu bi shi hannu-hannu.

A hannun dama na sama akwai wata 'yar ganga mai tsukakken ƙugu, sak ƙaramin kalangu, sunanta damaru. Kiɗanta shi ne sautin da halitta ta soma da shi. Daura da ita, a hannun hagu na sama, harshen wuta ne, wadda za ta cinye duniya idan wa'adinta ya cika. Lura da cewa hannuwan biyu a daidaice suke, babu wanda ya rinjayi wani, domin a tunanin Hindu duniya tana ta zagayawa ne, a yi ta, a rushe ta, a sake yi. Hannun dama na ƙasa ya buɗe tafi yana fuskantar mai kallo, ma'anarsa kada ka ji tsoro. Na hagu na ƙasa ya gitta ƙirji yana nuna ƙafar da aka ɗaga, can ne mafakar mai neman kuɓuta daga mutuwa da sake haihuwa, abin da suke kira moksha. Ƙafar dama kuma ta danne wani wada mai suna Apasmara, alamar jahilci da mantuwa. Danne shi aka yi, ba a kashe shi ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne fuskar: gashi na tashi hagu da dama saboda tsananin rawa, amma fuska a natse kamar babu abin da ke faruwa.

Wannan siffa ta kai ƙololuwarta a zamanin daular Chola, a kudancin Indiya, ƙasar Tamil, tsakanin ƙarni na 9 da na 13, kuma babbar cibiyar bautarta tana garin Chidambaram. Maƙeran garin Swamimalai har yau suna zuba ta da tagulla kamar yadda kakanninsu suka yi. Sukan fara gina surar da kakin zuma gauraye da ƙaro, su lulluɓe ta da yumɓun bakin kogin Kaveri, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake fitar da aikin, don haka babu guda biyu da suke fitowa daidai wa daida. Da irin wannan dabara maƙeran Ife da Benin suka yi nasu ayyukan. A 2004 gwamnatin Indiya ta ba cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Geneva kyautar Nataraja mai tsawon mita biyu.

To, sun ɗauki ƙarfen ne abin bauta? Nan amsa ta rabu, don Hindu ba mazhaba ɗaya ba ce. Ga mai bauta na yau da kullum, tagulla ce kawai a hannun maƙeri, har sai an yi mata bikin da suke kira prana pratishtha, a buɗe mata ido. Daga ranar yana ganin abin bautarsa ya sauka a ciki, ana yi masa wanka, a sa masa tufafi da furanni. Malamin falsafa Shankara, wanda ya rayu a wajajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa hakikar gaskiya ɗaya ce, Brahman, ba ta da sura ko siffa, gunki tsani ne kawai ga hankalin da bai iya kama abin da ba ya gani. Ramanuja, wanda ya zo bayansa da ƙarnoni, bai yarda a mayar da siffa abin raini haka ba. Dayananda Saraswati kuwa, da ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, watsi ya yi da bautar gumaka ɗungurungum.

Wannan bambanci ba yau aka gano shi ba. Malamin nan Musulmi Albiruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafinsa kan Indiya a wajajen 1030, ya lura cewa masu ilimin cikinsu suna maganar Ubangiji ɗaya marar farko marar ƙarshe, gama-garin jama'a kuma sun fi jingina da surorin da ido ke gani.