Wai wasannin JRPG sun kusa barin na'urorin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Tun ina ƙarami na fara buga Final Fantasy X a PS2 ɗin yayana, kuma har yau irin waɗannan wasannin bidiyo na Japan masu dogon labari, wato JRPG, nake so. Wata goma ke nan ina adashi don in sayi na'urar wasa ta gida, PS5 ko Switch 2. Sai ga abokaina suna cewa in daina wahalar da kaina, wai Japanawa sun bar yin irinsu a na'urar gida, duk sun koma waya inda ake buga su kyauta, wai ma Final Fantasy ta ƙarshe faɗuwa ta yi. Hankalina ya tashi, kada in zuba kuɗin gumina a abin da ya mutu. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ci gaba da adashinka, babu gawa balle a yi zaman makoki.

Abokanka sun ji ƙarar ganga ne, ba su san inda ake bikin ba. Gaskiya ne Final Fantasy XVI, wadda ta fito a Yunin 2023, da Final Fantasy VII Rebirth ta Fabrairun 2024, ba su kawo ribar da Square Enix, kamfanin da ke yin su, ya sa rai ba, shugaban kamfanin Takashi Kiryu da bakinsa ya faɗa wa masu hannun jari. Amma ta XVI ɗin da ake cewa ta faɗi, kwafi miliyan 3 ta sayar a makon farko. Matsalar ita ce da farko an ɗaure su a PS5 kaɗai, alhali a Japan ɗin kanta Switch ta kamfanin Nintendo ce a gidajen mutane, kuma farashin PS5 a can ya kusa yen 80,000 a Satumban 2024. Ka kashe shekaru da biliyoyi wajen haɗa kaya, sannan ka ce a rumfa ɗaya za ka sayar, ai dole ciniki ya yi maka kaɗan. A Mayun 2024 kamfanin ya sanar cewa daga yanzu manyan wasanninsa za su riƙa fita a na'urori daban-daban, har da Nintendo da Xbox da kwamfuta. Wanda zai bar kasuwa ba ya ƙara buɗe rumfuna.

Ka dubi sauran a shekarar 2024 kawai. Like a Dragon: Infinite Wealth ta kai miliyan 1 cikin mako guda. Persona 3 Reload ma haka. Metaphor: ReFantazio, sabon suna fil daga kamfanin Atlus, ta kai miliyan 1 a ranar da ta fito. Duk ukun faɗan karɓa-karɓa ne, ka buga in buga kamar dara, salon da aka yi shekaru ana cewa ya tsufa. Sai kuma 2025 wani ƙaramin kamfani a Montpellier ta Faransa, Sandfall, ya fito da Clair Obscur: Expedition 33, wanda masu shi ba su ɓoye cewa a hannun Japanawa suka koyi sana'ar ba, ya kuma lashe kyautar wasan shekara a The Game Awards. Switch 2 kuwa fiye da miliyan 3.5 aka saya cikin kwana huɗu da fitowarta a Yunin 2025, kuma manyan wasannin Pokémon da Xenoblade da Fire Emblem ba su da wani gida sai na Nintendo.

Abin da ke damuna a harkar daban ne. Manyan wasanni sun koma cin shekaru kafin su nuna. An sanar da Dragon Quest XII a 2021, shekara huɗu suka shuɗe ba a nuna wa mutane komai ba sai tambari, kuma a tsakanin nan Koichi Sugiyama mai kiɗan wasan ya rasu a 2021, Akira Toriyama mai zanensa ya bi shi a 2024. Kamfanonin sun kuma cika dogaro da ɗumamen tuwo: a ɗauko tsohon wasa a sabunta, kamar Dragon Quest III da aka sake a 2024. Ɗumamen da daɗi, ni ma na ci, amma gida ba ya rayuwa da shi kullum. A ganina nan gaba manya za su ragu, a riƙa samun ɗaya cikin shekaru da yawa, matsakaita irin na kamfanonin Atlus da Falcom su ne za su riƙe gidan. Wannan ba asara ba ce a wurin mai son labari.

Yanzu bari in zo ga maganar da ta sa na zaɓi wasiƙarka cikin sauran, wato "sun koma waya, kyauta ne". Kusan kullum sai na ji ta, daga yara har masu gemu, kuma na gaji da ita.

Yawancin waɗannan wasanni na waya a kan tsarin gacha aka gina su. Sunan ya samo asali ne daga injinan ƙwallayen roba na Japan, ka jefa tsaba ka murɗa, abin wasa ya faɗo ba ka san wanne ba. Ka faɗi kalmar da ƙarfi sau biyu ka ji da wace kalmar Hausa ta yi kama. Gacha, caca. Sauke wasan kyauta ne, eh. Kwana uku na farko za a yi ta yi maka ruwan kyaututtuka har ka ɗauka gidan kawunka ka zo. Sai labari ya fara daɗi, sai ka ci karo da abokin gaba da ba ya faɗuwa, sai a nuna maka wani jarumi mai walƙiya a ce mako biyu ko uku kawai zai yi a kasuwa. Ba sayar maka da shi za a yi ba. Damar jan ƙuri'a za a sayar maka. A Fate/Grand Order, damar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 1 ce cikin 100. A Genshin Impact kashi 0.6 ce, sai ka ja har 90 kafin a lamunce maka ɗaya, shi ma ɗin rabi da rabi ne ko wanda kake nema ne, ma'ana kana iya kai wa ja 180. Af, Genshin ɗin ma ba na Japan ba ne, kamfanin miHoYo na Shanghai ne ya yi shi.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini waya wai in duba masa dalilin da wasansa ya ƙi buɗewa. Gilashin a fashe, an liƙe shi da salatif, caja ma aro ya yi. Na duba, ba wayar ba ce, kamfanin ne ya rufe wasan. Ya tsaya yana kallona, ya ce to jaruman da ya saya fa? Na ce sun tafi. Ya ce ai kuɗi ya biya, har da wani ɓangare na kuɗin rajistar makaranta. Ya shiga hotunan wayar yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, hoton allo ne kawai ya rage masa, kamar mai nuna hoton mamaci.

Kada ka ce ƙananan kamfanoni ne ke haka. Final Fantasy VII The First Soldier ta buɗe a Nuwamban 2021, aka rufe ta a Janairun 2023. Dragalia Lost, wadda Nintendo ke bayanta, an rufe ta a 2022. Dissidia Final Fantasy Opera Omnia da Nier Reincarnation duk sun bi a 2024. Ranar da aka kashe na'urar kamfani, duk abin da ka tara ya zama hayaƙi. Faifan Final Fantasy X ɗin yayanka kuwa, wasan da ya fito tun 2001, in bai karce ba yau ma ka saka shi zai tashi, ba ya neman izinin kowa.

Hukumomin ƙasashen da suka san abin ba su ɗauke shi wasan yara ba. Hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani nau'insa, kompu gacha, tun 2012. Beljiyam ta sa akwatunan sa'a na kuɗi cikin dokar caca a 2018, har Nintendo ya janye Fire Emblem Heroes daga ƙasar. A Janairun 2025 masu Genshin suka amince su biya dala miliyan 20 a Amurka kan yadda suke tallata ƙuri'ar ga yara. Mu nan babu mai tsaya wa yaro in an cinye shi. Ga kuma 'yan damfara da suka cika WhatsApp da Facebook suna tallar "asusu mai cike da jarumai" ko cika maka lu'ulu'u (kuɗin cikin wasa) a rabin farashi. Ka tura kuɗi, mai asusun ya ƙwace kayansa bayan mako guda, ko kamfanin ya toshe ka saboda da katin sata aka biya. Wa za ka kai wa ƙara?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron da ba zai taɓa shiga shagon caca ba, don ya san hukuncinta kuma yana jin kunyar a gan shi, shi ne zai kwana yana jan ƙuri'a a ƙarƙashin bargo don an yi wa abin fenti da zanen katun. Iyaye kuma suna ganin ai gem yake yi. Ku ji tsoron Allah ku duba inda kuɗin katin yaranku ke tafiya. Ban ce duk wasan waya haram ba ne, ni ba malamin fatawa ba ne, kuma akwai tsofaffin Final Fantasy da Dragon Quest da ake saye sau ɗaya a waya, ka biya ka huta. Amma duk wanda ya ce ka biya don ka gwada sa'a, ka san sunansa.

Batun wadda za ka saya: in Persona da manyan Final Fantasy da Like a Dragon ne a ranka, PS5 mai ramin faifai, don ka iya sayen na hannu ka kuma yi musaya da abokai, yawancin faifan PS4 ma suna tashi a kanta. In Xenoblade da Pokémon ne, ga kuma halin wutarmu, Switch 2 mai batir ta fi maka. Sai dai ka buɗe ido a wurare biyu. Akwai samfurin Switch 2 mai araha da aka yi don Japan kaɗai, yen 49,980 lokacin da ta fito a 2025, harshen na'urar Japananci ne kawai kuma asusun Japan take karɓa, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da hankali ka sa a kunna maka ita a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi. Na biyu, wasu katunan Switch 2 makulli ne kawai, babu wasan a ciki, sai ka sauke shi gaba ɗaya ta intanet, Bravely Default da aka sabunta irinsu ne. Ana rubutawa a ƙasan kwalin daga gaba, ka karanta kafin datarka ta wata guda ta tafi a dare ɗaya.