Murɗar Ciki Da Damuwar Zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu ke nan ina fama da murɗar ciki, wani lokaci gudawa, wani lokaci taurin bayan gida, gwaje-gwajen asibiti kuma ba su nuna komai ba. Har na daina zuwa biki saboda fargaba. Maigidana ya ce damuwa ce kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Alamomin nan sun yi kama da larurar harzuƙar hanji, wadda likitoci ke kira IBS, kuma ciwo ne na gaske. Akwai jijiyoyi da ke haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, shi ya sa damuwa da rashin barci kan tsananta ciwon, ciwon kuma ya ƙara damuwar, har mutum ya ƙaurace wa jama'a, abin da ya fi ba ni tausayi a wasiƙarki. Tattaunawa da likitan ƙwaƙwalwa, motsa jiki, da ɗan ƙaramin kaso na wani magani mai suna amitriptyline bisa umarnin likita suna taimaka wa da yawa. Amma idan kin ga jini a bayan gida ko rama ba dalili, ki koma asibiti nan take.