Amsa: Injin busar da kaya yana ƙugi idan ganga na juyawa

Malam, ƙugin nan da ka ce yana yi, galibi boris ɗin bayan ganga ne, wato abin da gangar ke juyawa a kansa, ya cinye. Ka zare wuta daga soket, ka juya gangar da hannu. In ka ji ƙarar gurzawa, ko tana lilo, to shi ne.

Kafin ka cire bel don canza boris ɗin, ɗauki hotonsa a waya, don mayar da shi yana rikita mutane. Ka tafi kasuwar Sabon Gari da tsohon boris ɗin da lambar injin, kada ka saya da ka. Giris kuwa sai mai jure zafi, na gama-gari narkewa yake. Ka share ƙurar hunturu da zaren da ya taru ciki, shi ke jawo gobara.