Wasulla Suna Watsewa a Kwamfutata: In Sayi Sabuwa?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a unguwar Nima, a birnin Accra. Wani ɗalibi daga Jami'ar Ghana da ke Legon ya kawo mini aiki mai ɗauke da Girkancin dā, sai alamomin da ke kan haruffa suka hau juna, wasu kuma suka koma akwatuna. Haka Ajamin da malaman unguwa ke kawowa yake yi mini. An ba ni shawarar in tafi kasuwar Circle in sayi sabuwar kwamfuta, shin in saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka, domin ba a jikin na'ura matsalar take ba, tana cikin zubin haruffan (font) da kake aiki da shi ne da manhajar da ke karanta shi.

Girkancin da ɗalibin ya kawo tsohon tsari ne mai alamomi da yawa: uku na karin murya, biyu na numfashi, da ɗan ƙaramin harafi da ake rataye wa a ƙarƙashin wasali, har harafi ɗaya yakan ɗauki uku a lokaci guda, kamar ᾧ. Gwamnatin Girka ta rage su a 1982, shi ya sa zubi da dama suke ɗauke da Girkancin yau kaɗai, amma mai nazarin Sabon Alkawari ko falsafar mutanen dā ba shi da makawa sai da tsohon. Akwatin da ka gani yana nufin zubin ba shi da harafin ko kaɗan. Hawan juna kuwa yana nufin harafin na nan, sai dai zubin bai san inda zai ajiye alamar ba.

Zubi mai dabara shi ne wanda aka saka wa ƙa'idoji a cikinsa, yana duba abin da ke gaba da baya kafin ya ɗora alama, kamar yadda gwanin allo ke sanin inda fataha za ta zauna idan shadda ta riga ta. Cikin tsare-tsaren saka waɗannan ƙa'idoji, OpenType, wanda Microsoft da Adobe suka samar, shi ne ya fi yaɗuwa. Graphite kuma na ƙungiyar SIL ne, an yi shi saboda harsunan da manyan kamfanoni ba su kula da su ba. Word ba ya karanta Graphite, amma LibreOffice, manhaja mai aiki irin na Word, yana karanta duka biyun, kuma kyauta ne.

Don Girkanci ka sauke zubin Gentium, wanda ke da ɓ, ɗ da ƙ na bokonmu ma. Don Ajami akwai Harmattan, da aka tsara domin Afirka ta Yamma, da Alkalami mai bin salon rubutun Kano. Wannan na ƙarshe yana faranta mini rai ƙwarai, domin idon da ya tashi da Warshu a makarantar allo yana gane shi nan take, kuma al'ummar da ta gāji waƙoƙin Alhaji Umaru na Karachi (Kete-Krachi ta ƙasar Ghana) ta cancanci ganin rubutunta da kamanninsa. Duka ukun ba a biyan ko sidi ɗaya, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kasuwa da su.

Wajen shigar da rubutun, manhajar Keyman za ta ba ka maɓallan da kake bukata. Idan ka gama aikin, ka mayar da shi PDF kafin ka miƙa, don kada haruffan su sake watsewa a kwamfutar mai shi.