Wannan matar mai juyi a bidiyo, dama take yi ko hagu?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah a raba mana gardama. Wani bidiyo aka turo mana a WhatsApp, inuwar wata mata ce baƙa ƙirin, tana tsaye da ƙafa ɗaya tana juyi. Ni dai ina ganin tana bin yadda hannun agogo ke tafiya, abokina kuma ya rantse akasin haka take yi, har ataya ya huce muna musu a bes. A ƙasan bidiyon an rubuta wai wanda ya ga tana bin agogo da ƙwaƙwalwar dama yake aiki, mai fasaha ne, wanda ya ga akasi kuma ɗan lissafi ne. Wani a cikinmu ya ce duk ƙarya ce, bidiyon ne aka haɗa yana canjawa da kansa. Wa ke da gaskiya, ko idon ɗayanmu ne ya samu matsala? Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idonka lafiya lau, na abokinka ma haka, kuma cikinku ba wanda ya kayar da wani, don a cikin hoton kansa babu abin da ya nuna dama take bi ko hagu. Bidiyon ba na jiya ba ne, wani mai zane da kwamfuta ɗan Japan, Nobuyuki Kayahara, shi ya yi shi tun 2003, duk bayan 'yan shekaru sai ya sake zagayo wayoyin mutane a ɗauka sabo ne.

Kafin dogon bayani gwada wannan yau da dare, in an ɗauke wuta ma ya fi kyau. Kunna tocilar waya ka jingina ta can nesa tana haska bango, kai kuma ka matso kusa da bangon, ka miƙe yatsa ɗaya ka riƙa zagayawa da shi a kwance kamar mai dama koko a kofi. Kar ka kalli yatsan, inuwar za ka kalla. Za ka ga tana zuwa dama ta dawo hagu, dama, hagu, shikenan. To yanzu juya yatsan ta ɗaya ɓangaren, inuwar ba ta canja komai ba, dama da hagun nan dai take yi. Inuwa ba ta gaya maka lokacin da yatsa ya matso gabanka da lokacin da ya koma baya, kuma wannan gaba da bayan shi ne kaɗai ke raba juyin agogo da akasinsa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne hoton da ke sauka a tantanin bayan ido a shimfiɗe yake, ba shi da zurfi ko kaɗan, ƙwaƙwalwa ce ke lissafa zurfin daga alamomi, abu na kusa ya fi girma, yana tare na bayansa, haske na faɗa masa ta wani gefe, idon dama da na hagu kowanne na ganinsa da ɗan bambanci. Shi Kayahara sai ya shafe kusan duk alamomin nan, ba fuska, ba kaya, ba ka san cikinta ke fuskantarka ko bayanta ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta iya zama ba amsa, dole ta zaɓi ɗaya, kuma in ta zaɓa ba ta ce maka cinka ta yi, sai ta nuna maka abin sarai kamar ka taɓa, shi ya sa abokinka har da rantsuwa, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Tun 1953 Hans Wallach da O'Connell suka nuna haka da lanƙwasasshiyar waya ta ƙarfe, in tana tsaye inuwarta zane ne kawai a bango, ana fara juya ta sai mutane su ga abu mai jiki yana juyi.

Ga wani abu da za ku tambayi juna ku sha mamaki, da wace ƙafa take tsaye? Kai mai ganin juyin agogo za ka ce ta hagu, shi zai ce ta dama. Hoto ɗaya fa.

To me ya sa kai ka zaɓi wannan shi ya zaɓi wancan? A nan ne aikin Nikolaus Troje da Matthew McAdam na jami'ar Queen's a Kanada ya burge ni. A 2010 suka sake ƙera hoton, suka riƙa ɗaga kyamara sama kaɗan ko su sauke ta ƙasa, suka nuna wa mutum 24. Sai aka ga ba wai mutane na son juyin agogo ba ne, a'a, sun fi karkata ga duk juyin da ya yi daidai da kallo daga sama. Dalilin kuma ba boyayye ba ne, tun muna yara yawancin abin da muke kallo a ƙasan idonmu yake, kwano a tabarma, kaya a tebur, akuya a hanya, ƙwaƙwalwa ta saba. A hoton Kayahara kuwa, in ka ɗauka daga sama kake hangen matar to agogo take bi, in za ka gan ta akasi sai ƙwaƙwalwarka ta yarda daga ƙasa kake leƙenta. Shi ya sa 'yan ɓangarenka suka fi yawa. Haka abin yake da zanen akwatin nan na layuka zalla da ake kira da sunan Louis Necker, mutumin Siwizalan da ya yi bayaninsa a 1832, mafi yawa daga sama suke fara ganinsa kafin ya kife musu.

Sauran bambancin ƙananan abubuwa ne, inda idonka ya fara sauka, ƙafa ko hannu, yadda ka karkata wayar, har abin da na kusa da kai ya faɗa kafin ka duba. Kuma wanda ka fara gani yana da naci. In ka daɗe kana kallo ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke riƙe da wannan fassarar sukan gaji, na ɗaya fassarar su karɓe, kwatsam sai ka ga ta juya. Wani nan da nan take juya masa, wani sai ya yi minti da mintoci ba ta motsa daga inda take ba, kuma wannan ba ma'aunin basira ba ne, kar wanda ya yi wa wani gori.

Maganar ƙwaƙwalwar dama da ta hagu kuwa, wallahi ita ta fi ba ni haushi, don an ɗauko gaskiya 'yar kaɗan an yi mata jela. Eh, ɓangarorin biyu ba aikinsu ɗaya ba sak, magana ga yawancin mutane ta fi zama a hagu, Roger Sperry ma ya samu kyautar Nobel a 1981 kan binciken marasa lafiyar da aka raba musu mahaɗar ɓangarorin biyu. Amma wurin da ke gane motsi, wanda masana ke kira V5, kowane ɓangare na da nasa, dukansu suna aiki lokacin da kake kallon matar nan. Ka tambayi mai rubutun, wanda ta juya masa sau uku cikin minti ɗaya fa, ya zama mai fasaha ya koma ɗan lissafi ya sake dawowa kenan?

Shi kuma mai cewa an haɗa bidiyon, raba gardamarsa ba wuya. Ku aje waya ɗaya a tsakiya ku huɗu ko biyar, kowa ya yi shiru, duk wanda ta juya masa ya ɗaga hannu. Da bidiyon ne ke canjawa da tare za ku ɗaga. Ba za ku ɗaga tare ba. In kana so ka juya ta da kanka, rufe jikin da tafin hannu ka bar ƙafar da ke ƙasa kawai, ka ƙudurta a ranka ta wancan gefen take bi, sannan ka janye hannun a hankali, wasu kuma ƙifta ido ko kallo ta gefen ido ke yi musu.

Kar dai a haɗa shi da tayar mota ko fankar da kake gani tana komawa baya a fim, wancan aikin kyamara ne, fim hotuna 24 yake ɗauka a daƙiƙa, in taya ta kusa cika zagaye tsakanin hoto da hoto sai ta zama kamar baya ta ja, kuma kowa haka zai gani. Wanda ya fi kusa da naku shi ne na tasha, kana zaune cikin trotro a Kejetia ana jiran ta cika, ta kusa da ku ta fara ja, sai ka ji kamar taku ce ke zamewa baya har ka dafa kujera, na gefenka da idonsa ke kan mai tallan ruwa a ƙasa bai ji komai ba.

Inda zan ce a je asibiti daban ne. In ba a waya ba, a zahiri mutum ke ganin abu bibbiyu, ko ɗaki na juya masa, ko abin da ke tsaye yana rawa a idonsa, ko wani duhu ya sauko ta gefen ido ɗaya farat ɗaya, wannan kam kar ya kwana, ya nufi sashen ido a asibitin Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa da shi.