Kwana a ɗakin bayan a-kori-kura lokacin ƙanƙara

Malam, ka tambayi yadda ake kwana a ɗakin da ake ɗorawa bayan a-kori-kura idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Selsiyas, wato inda ruwa ke daskarewa. Ruwa ne zai fara ba ka wahala: idan ya daskare kumbura yake yi, ya fasa bututu da famfo. Zuƙe tankin ruwan kaf, ajiye ruwan sha a jarka cikin ɗakin.

Gas kuwa, ɗauki irin wanda ake kira furofen, don irin wanda ake kira buten ba ya zama iska ya fito daga tukunya a wannan sanyin. Kada ka yi cajin batirin litiyam ƙasa da digiri 0, lalacewa yake yi. Bar tagar rufi a buɗe kamar yatsa biyu, in ba haka ba numfashinka zai jiƙa bango da ƙasan katifa. Don Allah ka maƙala na'urar gano iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba da ƙona gas kan iya fitarwa, don iskar ba ta da wari.