Murya daga zauren iyaye mata: wane littafi zan saya wa yara, wanne zan saya wa kaina?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da yamma, ya gida, ya yara? To ƙanwata, na ga tambayarki tun da hantsi, na ce wannan ba ta rubutu ba ce, bari in samu natsuwa in yi miki murya. Ga waɗanda ba su gani ba don saƙonni sun binne ta, cewa ta yi tana da yara biyu, mai shekara 4 da mai shekara 8, tana son littattafan da za su ji daɗinsu ko sa rage kallon waya. Ita ma kuma tana neman wanda za ta karanta ta ƙaru, sai dai duk wanda ta saya ba ta kai ƙarshensa.

Ni dai a koyarwar firamare na tsufa, kuma abin da na gani shi zan faɗa miki. Ma'aunina a littafin yaro guda ɗaya ne: in kin gama karanta masa, ya ce "Umma a sake"? In ya ce a sake, kuɗinki bai tafi a banza ba. In ya zame ya tafi wasa tun kina shafi na biyu, to ko da wa ya rubuta shi, ko nawa kika saye shi, ba nasa ba ne, ko kuma lokacinsa bai yi ba. Mu iyaye mun fi son littafin da yake cike da wa'azi, kowane shafi "yaro nagari ba ya kaza". Yaro kuwa labari yake so. Tarbiyyar tana cikin labarin, ba sai an tsaya an nuna masa ita da yatsa ba. Wa ya taɓa zaunar da mu ya ce kwaɗayi ba kyau? Gizo muka gani ya sha wuya a kan kwaɗayinsa, muka yi dariya, muka kuma gane.

Bari in fara da ƙaramin. Mai shekara 4 ba karatu yake yi ba, ke ce mai karatun, shi kunne ne da ido. Don haka ki nemi mai manyan hotuna, rubutu kaɗan, layi ɗaya ko biyu a shafi. Takardar ta zama mai kauri, irin ta kwali, saboda zai ja, zai lanƙwasa, wani ma har baki zai kai. Sannan ki duba hotunan da kyau. Akwai akuya? Akwai kaza da 'ya'yanta, kasuwa, adaidaita sahu, mace da goyo? Abin da ya sani shi zai sa ya buɗe baki ya yi magana, kuma maganar nan ita muke nema. Ban ce littafin Turawa mai dusar ƙanƙara laifi ba ne, a'a, zai zo daga baya. Amma yaron da bai taɓa ganin abu ba, kuma ana faɗa masa da harshen da bai iya ba, kin haɗa masa wahala biyu a lokaci guda.

Kuma ki nemi mai maimaici, wato jimla ɗaya tana dawowa tana dawowa. Manya na ganin abin gundura ne, yara kuwa nan ne daɗin yake, don a karo na uku shi zai riga ki faɗa. Tatsuniyoyinmu haka aka gina su, da 'yar waƙa a tsakiya da ake ta maimaitawa. Kin ce "ga ta nan, ga ta nanku", ya ce "ta zo mu ji ta", ai kin riga kin kama shi. In tatsuniyoyin sun ɓace miki, don da yawanmu mun manta, ki nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya. Ya tattara su ne musamman don yara 'yan makaranta. Ki karanta da rana ke kaɗai, da dare ki ba su da ka, da murya irin ta Gizo mai tsamin baki. Wallahi za ki ga yadda za su manne miki.

Wata za ta ce, to ai makarantarsu da Turanci ake yi, ba zan rikita shi da Hausa ba? Ba za ki rikita shi ba. Yaron da ya gane cewa waɗannan baƙaƙen sauti suke ɗauke da shi, ya iya haɗa ba da ba ya ce "baba", ya kuma san me ya karanta, wannan ya iya karatu ke nan, sai dai ya ɗauki iyawar ya kai ta Turanci. Hausa kuma tana da sauƙi a nan, don kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Na ga yara da yawa suna rera shafin Turanci kamar karatu, ka ce me aka ce, shiru. Shi ya sa ma aka yi shirin Mu Karanta a makarantun Bauchi da Sakkwato, aka koma fara koya wa 'yan aji ɗaya karatu da Hausa. Mu da littattafan Ka Koyi Karatu da Ka Yi Ta Karatu muka tashi, kuma ba su hana mu jin Turanci ba.

Afuwan, muryar ta yanke, ga ci gaba.

To mai shekara 8. Shi wannan yana kan gaɓa, ko ya kamu da son karatu yanzu ko waya ta ɗauke shi. Ki je da shi wurin mai littattafai, kada ki sayo ki kawo masa kamar magani. Ki ware guda uku da kika yarda da su, ki ce ya zaɓi ɗaya. Sannan ki buɗe tsakiya, ba farko ba, ki ce ya karanta shafi ɗaya a fili. Ki riƙa lanƙwasa yatsa duk inda ya yi tuntuɓe. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa ya karanta shi kaɗai. Ba cewa na yi ki ajiye ba, wannan ya zama wanda ke za ki riƙa karanta masa. Don kada ki ce tunda ya iya karatu an daina karanta masa. Kunnen yaro yana gaban idonsa da nisa, abin da zai fahimta in an karanta masa ya fi abin da zai iya karantawa da kansa.

A nan ne Magana Jari Ce yake shigowa, kuma ni har yau ban ga na biyunsa ba. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, littafi uku, suka fito a ƙarshen shekarun 1930, kuma tun asali don 'yan makaranta aka yi shi. Ki dubi dabarar da ke ciki: sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya bi bayansa, aku kuma yana riƙe shi da labari, dare bayan dare, har gari ya waye bai fita ba. To ai aikin da kike son yi ke nan, ki riƙe yaro da labari. Kowane labari gajere ne, kin gama shi kafin barci ya ɗauke su. Ki fara musu da masu ban dariya, irin su Sahoro da Sahorama ko Kalala da Kalalatu. Hausar ciki ta tsofaffi ce, za su tambaye ki ma'anar kalmomi, wasu ke ma sai kin tambayi kakarsu. Wannan ba aibi ba ne, riba ce. In ya ƙara girma kamar shekara 11 ko 12, sai Ruwan Bagaja, ya sha dariyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai Iliya Ɗan Maiƙarfi ga mai son jarumta.

Ta ɓangaren addini kuma, ƙissoshin Annabawa sun fi komai shiga ran yaro, Annabi Yusuf da 'yan uwansa, Annabi Musa da Fir'auna, Annabi Yunus a cikin kifi. Akwai na Shaihu Abul Hasan Nadawi na ƙasar Indiya da ake karantarwa a Islamiyyu, da Larabci mai sauƙi ya rubuta shi don yara. In kuma na Hausa za ki saya, ki nuna wa malamin Islamiyyarsu tukuna, don kasuwa cike take da ƙananan littattafai da ba a san inda aka samo labaransu ba.

Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai duka, ba ke kaɗai ba: kada ki miƙa wa yaro littafin da ba ki leƙa cikinsa ba. Sunan tatsuniya ko hoton bango ba hujja ba ne. Dare Dubu da Ɗaya, misali, sunansa kamar na yara, amma akwai wuraren da ba na yara ba ne sam. Haka littattafan da ake turawa a waya babi-babi, wasu marubutan na da kirki da basira, wasu kuwa batsa ce zalla. Yarinya 'yar shekara 12 in ta iya karatun Hausa kuma waya na hannunta, sai an sa ido.

Sai naki, ƙanwata. Kin ce ba kya kai ƙarshe. Ni ina zargin littattafan ne, ba ke ba. Mafi yawan waɗanda ake tallarsu a bakin titi da kan danja, na yadda za ka yi arziki, yadda za ka zama shugaba, a Amurka aka rubuta su, don mutumin da zai shiga banki ya karɓi bashi da ruwa ya sayi gida ya sa haya. Ke kuma jarinki na adashi ne, ribarki tana tafiya a cefane, ga wutar lantarki ba tabbas, ga batun kuɗin ruwa da addini ya hana. Dole ki gaji a babi na uku, don ba da ke ake magana ba. Ba na cewa babu abin ɗauka, akwai: ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka ware na ajiya kafin ka fara kashewa, ka raba kuɗin sana'a da na gida. Sai dai sau da yawa abin da ke cikin shafi 300 bai wuce wannan ba, sauran labarai ne na cika takarda.

Don haka kafin ki sayi littafi ki tambayi kanki, me ke damuna yanzu? Ba "ina son in ƙaru" ba, wannan ya yi faɗi. Fushi ne da yara? Lissafin sana'a ne ke rikicewa? Turancinki kike son gyarawa? Sallar dare ce ta gagara? In kin kama abu ɗaya, sai ki nemi littafi ɗaya a kansa, ki kuma duba marubucin, ya yi abin da yake koyarwa ko kuwa sayar da littafin ne sana'arsa.

In gyaran hali ne, mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Riyadus Salihin na Imamu Nawawi yana nan, da fassarar Hausa. Ki dubi yadda ya jera babobin farko: ikhlasi, tuba, haƙuri, gaskiya. Hadisi biyu bayan sallar asuba, ki wuni kina juya su a zuciya, ya fi ki haɗiye babi goma ki manta. Kuma irin wannan da malami ko malama ake bi, ba a kaɗaice ba.

Sannan ina son matanmu su riƙa karanta tarihin mutane, don shi ba ya yi miki umarni, nuna miki yake yi. Ki nemi tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Mace ce mai aure da 'ya'ya da hidimar gida, a zamanin yaƙi, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa malamai mata da ake kira jaji suna shiga ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙoƙi. Duk wadda ta karanta wannan, maganar "ba ni da lokaci" za ta canza a bakinta. Kuma kada wani ya ce miki ƙagaggen labari ɓata lokaci ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan siriri ne, kwana biyu kin gama, amma uwar nan da ta bi sahara tana neman ɗanta za ta daɗe a ranki. Wanda ya daɗe bai gama littafi ba, da siriri ya kamata ya fara.

Lokacin karatun kuma ki haɗa shi da na yaran. Bayan isha'i, minti 20, a kife wayoyi har da taki, kowa da littafinsa, sannan ki rufe da karanta musu labari ɗaya. Yaron da bai taɓa ganin uwarsa ko ubansa riƙe da littafi ba, da wuya ya yarda abin daɗi ne. In Abbansu yana gida a ja shi ciki, ko jarida ce ya riƙe.

Wajen saye, in kina Kano, Kasuwar Kurmi akwai na addini da tsofaffin na Hausa, Sabon Gari akwai na makaranta. Waɗancan na su Abubakar Imam kamfanin NNPC na Zariya ne ke buga su, na littattafai fa, ba na mai ba. Ki buɗe ki duba kafin ki biya, saboda jabu sun yi yawa, za ki tarar shafi ya ɓace ko tawada ta dushe. Na yara kuma ki tabbata an sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, kada ya koyi karatu a karkace. In kuɗi sun yi wuya, akwai ɗakin karatu na Murtala Muhammad, sannan a intanet akwai African Storybook, kyauta ne, suna da labarai masu hotuna da Hausa, sai ki sauke ki kai a buga miki a takarda maimakon ki miƙa musu wayar. Mu ma a nan zauren za mu iya yin musaya, wadda yaranta suka wuce wani littafi ta sanar, mai buƙata ta karɓa ta dawo da shi. Ni ina da Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu, in kina so ki yi mini magana ta gefe in aiko miki. Wassalamu alaikum.